Babi na Shida: Fayil ɗin da Ya Fi Mai Shi Tsawon Rai

Hukuncin kotun soja hawa biyu ne. Akwai wanda ake ƙirgawa da watanni ko shekaru, mutum ya yi zamansa a kurkuku ya fito. Akwai kuma layi guda da akawu zai buga a takardar sallama, wanda ba shi da ranar ƙarewa. A Amurka, duk wanda ya ajiye kaki sai an ba shi takardar da ke faɗin yadda suka rabu da rundunarsa: ko an sallame shi da mutunci, ko an sallame shi ba yabo ba fallasa, ko an sallame shi da tabo, ko an kore shi saboda mugun hali, ko kuma korar wulaƙanci, wadda babu ta sama da ita a muni. Biyun ƙarshen nan kwamanda ba shi da ikon bayar da su da alƙalaminsa, sai kotun soja ta zauna. Korar wulaƙanci ma sai babbar kotun soja.

Nauyin wannan layi ya fito fili ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta musamman domin 'yan mazan jiya: kuɗin makaranta, rancen sayen gida, da ɗan abin kashewa kafin a sami aiki. Miliyoyin iyalai da wannan doka suka tashi daga talauci. Wanda aka yi wa korar wulaƙanci ba shi a ciki. Ba shi da asibitin tsofaffin sojoji, ba shi da fansho, in ya mutu ba za a lulluɓe akwatinsa da tuta ba, ba kuma za a kai shi maƙabartar sojoji ba. In ya je neman aiki, abin da za a fara cewa ya nuna shi ne takardar da yake ɓoyewa.

Kafin 1946, wanda yake ganin an zalunce shi ƙofa ɗaya gare shi: ya sami ɗan majalisar da zai gabatar da ƙudurin doka da sunansa shi kaɗai. Henry Flipper ya gwada wannan hanya har ya gaji. An haife shi cikin bauta a Jojiya a 1856, shi ne baƙar fata na farko da ya kammala makarantar hafsoshi ta West Point, a 1877. A 1881, a barikin Fort Davis da ke Texas, aka nemi wasu kuɗin sito da ke hannunsa aka rasa. Kotun soja ta wanke shi daga tuhumar cin kuɗin, amma ta same shi da laifin halin da bai dace da hafsa ba, aka kore shi a Yunin 1882. Ya zama injiniya kuma mai awon ƙasa, ya yi aiki har Meziko da Benezuwela, ya yi suna. Duk da haka bai bar aika ƙorafi majalisa ba, ƙudurorin suna mutuwa a kwamiti ɗaya bayan ɗaya, har shi ma ya rasu a 1940.

Majalisar ta gaji da irin waɗannan ƙudurori, musamman da ta hango tulin da yaƙi zai jawo mata. Saboda haka a 1946 ta sauke wa kanta nauyin, ta ce kowace runduna ta kafa hukumar gyara bayanan aikin soja. Fararen hula ne ke zama a cikinta, manyan ma'aikatan rundunar, aƙalla mutum uku a kowane zama. Aikinsu a dokance shi ne gyara kuskure ko kau da zalunci. Mai ƙorafi, ko magajinsa in ya rasu, zai cika fom mai lamba 149 cikin shekara uku da gano kuskuren, ko da yake hukumar na da ikon kau da kai daga wannan wa'adi in ta ga adalci ya buƙaci haka. Akwai wata hukumar ta daban mai duba nau'in sallama cikin shekara 15 da barin aiki, amma ita ba ta taɓa korar da babbar kotun soja ta yanke. Mai irin wannan tabo, hukumar gyara ce kawai gatansa.

Duk wanda ya taɓa bin fansho a ofishin gwamnati ya san abin da ke cikin fayil ya fi abin da ke bakin mai fayil ƙarfi. Haka abin yake a nan, har ma an mai da shi ƙa'ida: abin da rundunar ta rubuta daidai ne har sai mai ƙorafi ya kawo hujjar da ta ƙaryata shi. Galibi ba a kiransa ya bayyana. Ba a ganin hawayensa, ba a jin rawar muryarsa. Takarda ake karantawa, a yanke hukunci a kan takarda. Ga shi kuma takardun ma ba kullum suke nan ba. Ran 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a babbar ma'ajiyar fayilolin sojoji da ke St. Louis, ta cinye tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ba tare da akwai kwafinsu a wani wuri ba. Cikin sojojin ƙasa da suka bar aiki daga 1912 zuwa 1960, kusan kashi 80 cikin ɗari fayilolinsu sun tafi. Sau da yawa sai ka tarar takardun shari'ar mutum suna nan lafiya lau a wata ma'ajiyar, amma shaidar shekarun da ya yi yana aiki tsakani da Allah ta zama toka.

In ana son ganin yadda wannan hukuma ke motsawa, da abin da ke motsa ta, babu misalin da ya kai na Fort Lawton.

Bariki ne a bakin teku a birnin Seattle. A 1944 akwai baƙaƙen fata sojoji a cikinsa, 'yan rundunar lodi da sauke kaya a tashar jirgin ruwa, an ware su a can gefe kamar yadda ake yi a lokacin. Kusa da su kuma fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya. Tun da Italiya ta ajiye makami a 1943, waɗanda suka yarda su yi wa Amurka aiki sai aka sassauta musu: suna fita gari, ana gayyatarsu gidaje, suna shiga wuraren da sojan Amurka baƙar fata ba ya isa ya taka. Wannan ya ɓata wa baƙaƙen rai. Ya kuma ɓata wa wasu farare rai, musamman 'yan sandan soja, da suke ganin abokan gabar jiya suna yawo da 'yan matan gari.

Daren 14 ga Agusta, ana jajibirin tura baƙaƙen fagen yaƙi a yankin Fasifik, wani cikinsu da ya sha ya yi cacar baki da wani Ba'italiye, aka kai masa naushi ya faɗi sumamme. Labari ya bazu cewa an kashe musu mutum. Suka ɗauki duwatsu da sanduna da abin da hannu ya kai, suka afka wa ɗakunan Italiyawa. An ji wa mutane da dama munanan raunuka. 'Yan sandan soja ba su iso da ƙarfi ba sai bayan kusan minti 40. Da gari ya waye aka tsinci gawar wani fursuna, Guglielmo Olivotto, a rataye da igiya a filin atisaye, can ƙasan tudu.

Kada a yi wa labarin kwaskwarima: an yi faɗa, kuma wasu cikin sojojin nan sun daki mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hedikwatar soja ta turo Birgediya-Janar Elliot Cooke ya bincika, abin da ya tarar kuwa ya fi faɗan muni. Ba a killace wurin ba. Ba a ɗauki zanen yatsu ba. Kwamandan barikin ya sa an gyara ɗakunan an yi musu fenti tun kafin masu bincike su leƙa. Kayan shaida sun ɓace. Ɗan sandan sojan da ya fara ganin faɗan bai yi gaggawar kiran agaji ba, an neme shi an rasa na wani lokaci a daren, kuma shi ne da safe ya jagoranci gano gawar. Cooke ya rubuta rahoto mai zafi, aka sauke kwamandan daga muƙaminsa, rahoton kuma aka buga masa hatimin sirri.

A Nuwamba aka gurfanar da mutum 43, dukkansu baƙaƙe, gaban hafsoshi tara, dukkansu farare. Uku cikinsu ana tuhumarsu da kisa, wanda hukuncinsa na iya kaiwa ga rataya. Lauyoyi biyu aka ba su gaba ɗaya, da kwana goma na shiri. Ka lissafa da kanka ko minti nawa kowane mutum zai samu da lauyansa. Mai gabatar da ƙara shi ne Leon Jaworski, wanda shekaru 29 bayan haka ya zama mai binciken badaƙalar Watergate. Rahoton Cooke yana hannunsa, yana tsintar abin da ya yi masa daɗi a ciki. Lauyoyin kariya suka nemi a ba su su gani, ya ƙi, kotu ta goya masa baya. Aka sami mutum 28 da laifi, biyu cikinsu da laifin kisan da ba na ganganci ba, ba tare da an kawo wanda ya ga sun taɓa Olivotto ba.

Cikin 28 ɗin akwai wani matashi daga Leesburg a jihar Florida, Samuel Snow. A cewarsa, tun kafin ya kai ga kowa aka maka masa wani abu a ka ya suma. Shekara guda aka yanke masa, da korar wulaƙanci. Ya koma garinsu ya kama aikin ƙarfi da share-share. Takardunsa na soja kuwa ƙone su ya yi, don kada 'ya'yansa su tsinta wata rana su karanta.

Shekara 60 shari'ar tana kwance. Hukumar gyara tana nan kusan duk tsawon wannan lokaci, ƙofarta a buɗe, amma ba ta zuwa neman zalunci da ƙafarta, sai an kai mata. Wanda ya tono maganar ɗan jarida ne na talabijin a Seattle, Jack Hamann, wanda ya ci karo da kabarin Olivotto a maƙabartar barikin a shekarun 1980. Daga baya shi da matarsa Leslie suka duƙufa a gidan adana takardun tarihi na ƙasa, suna buɗe kwali bayan kwali, har suka faɗa kan rahoton Cooke, wanda an riga an cire masa hatimin sirri ba tare da kowa ya kula ba. Littafin Hamann ya fito a 2005. Ɗan majalisar da ke wakiltar Seattle a lokacin, Jim McDermott, ya karanta, ya matsa wa rundunar. Snow da iyalan wasu mutum uku suka shigar da ƙorafi. A Oktoban 2007 hukumar ta ce shari'ar tun daga tushe ba ta yi adalci ba, ta kafa hujja da hana lauyoyi rahoton da kuma ƙarancin lokacin shiri. Aka soke hukuncin. A lokacin mutum biyu kacal aka san suna raye cikin 28.

A lura da abin da hukumar ta ce da abin da ba ta ce ba. Ba ta ce Snow bai ɗaga hannu ba. Ba ta faɗi wanda ya rataye Olivotto ba, har yau kuwa babu kotun da ta faɗa. Cewa ta yi hanyar da aka bi gurɓatacciya ce, don haka duk abin da aka samu ta wannan hanya ba ya tsayuwa. A ganina wannan shi ne abu mafi amfani ga duk mai son fahimtar irin wannan ƙorafi. Rantsuwar cewa "ban yi ba" ba ta cika motsa su ba, domin kowa haka yake faɗa. Abin da ke motsa su shi ne takardar rundunar da ke ƙaryata rundunar.

Sai maganar kuɗi. Tunda an soke korar, a lissafin ofis Snow ya ci gaba da zama soja har ranar da ya kamata a sallame shi, don haka yana bin ariyas. Aka buga lissafi da albashin 1945, aka aiko masa da cek na dala 725. Babu kuɗin ruwa, babu la'akari da faɗuwar darajar kuɗi a shekara sittin da ɗoriya, domin ƙa'ida ba ta tanadi haka ba. Akawun bai yi kuskure ba, kuma wannan ne abin takaicin. Snow ya ƙi kai cek ɗin banki. Jaridu suka ɗauka, McDermott da Sanata Bill Nelson na Florida suka gabatar da gyaran doka domin a riƙa biyan irin waɗannan kuɗi da ruwa, aka sa mata hannu a Oktoban 2008. Snow bai ga wannan ba. A ƙarshen Yulin shekarar an shirya taro a tsohon barikin, inda wani babban jami'in rundunar ya nemi gafara a bainar jama'a. Snow ya taso daga Florida, amma ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti a Seattle. Ɗansa ne ya karɓo takardar sallamar mutunci ya kai masa gado, ya gani, ya rasu cikin 'yan sa'o'i.

Bayan Fort Lawton wasu tsofaffin shari'o'in sun biyo baya. A Agustan 1917, a Houston, bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa sojoji biyu baƙaƙe duka har aka yi zaton an kashe ɗaya, sama da mutum ɗari na Runduna ta 24 suka shiga gari da bindigogi, aka rasa rayuka kusan ashirin. An sami 110 da laifi, an rataye 19. Sha ukun farko an rataye su ne kafin fitowar rana ran 11 ga Disamba, ba tare da wani na sama ya duba hukuncin ba. Hafsa ɗaya ne ya kare dukkan waɗanda ake tuhuma, shi ma ba lauya ba ne. Malamai da ɗaliban wata kwalejin shari'a a Houston suka haɗa ƙorafi, a Nuwamban 2023 rundunar ta soke hukuncin duka 110.

Na Port Chicago a Kalifoniya ya ɗan bambanta, kuma bambancin na da muhimmanci. Ran 17 ga Yulin 1944 harsasai da bama-bamai suka tashi a tashar lodi, mutum 320 suka mutu, 202 cikinsu baƙaƙe. Waɗanda suka tsira aka ce su koma lodi a yanayin da bai canza ba, 258 suka ƙi, aka sami 50 da laifin bore. A 1999 Shugaba Clinton ya yi wa ɗaya cikinsu, Freddie Meeks, afuwa. Wasu abokansa sun ƙi nema. Hujjarsu ita ce mai laifi ake yafe wa, su kuwa ba su yi laifi ba. Sai a 2024, ranar cika shekara 80 da fashewar, rundunar sojan ruwa ta wanke su, lokacin da babu ko ɗaya cikin hamsin ɗin da ya rage. Flipper ma haka nasa ya zo a rarrabe: a 1976 hukumar gyara ta ce hukuncinsa ya yi tsanani ta ba shi sallamar mutunci, amma ta ce ba ta da ikon soke laifin, sai a 1999 aka yi masa afuwa.

To ina sojan da ke raye yau? Nan ne labarin ya yi kwana. A 1951 sabon kundin dokar shari'ar soja ya fara aiki, da matakan ɗaukaka ƙara har zuwa kotu ta alƙalai uku fararen hula. A 1983 majalisa ta ce tunda akwai waɗannan kotuna, hukumar gyara ba ta da hurumin soke laifin da aka yanke ƙarƙashin sabon kundin. Abu biyu aka bar mata: ta gyara fayil ya dace da abin da wata kotu ko hukuma ta sama ta riga ta yanke, ko ta yi sassauci a kan hukuncin, kamar mai da korar wulaƙanci zuwa wadda ta fi ta sauƙi. Shari'o'in Houston da Fort Lawton an yi su ne da tsohuwar doka, wannan takunkumi bai hau kansu ba.

Ba na cewa majalisar ba ta da hujja. In ma'aikata uku a ɗaki za su iya rushe abin da kotuna suka tabbatar, to shari'a ba ta da ƙarshe ke nan. Amma a duba halin da aka jefa mai rai. Sassauci ana ba wanda ya nuna nadama ne. Zai kawo shaidar shekarun da ya yi bai sake shiga hannu ba, takardar wurin aiki, wasiƙar limaminsa ko fastonsa, da rahoton likita in yaƙi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, abin da Ma'aikatar Tsaro ta umarci hukumomin su riƙa ba nauyi tun daga 2014. Duk wannan yana yi wa wanda ya amsa laifinsa amfani. Wanda kuwa ya dage cewa ƙazafi aka yi masa, dagewar tasa na iya zama masa cikas, a karanta ta a matsayin taurin kai. Sai ya zaɓa: ko ya nemi gafarar abin da bai yi ba ya sami asibiti da fansho, ko ya riƙe gaskiyarsa ya koma gida hannu rabbana.

Mai karatu a Nijeriya ba zai ji wannan tsaka-mai-wuya baƙuwa ba. A Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojojin da suka ga gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta. A Satumba kotun soja a Abuja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙar Boko Haram, su kuma suna cewa ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba da su ba. A Agustan 2015 sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin binciken kuɗin sayen makamai, maganar da sojojin suka yi a gaban kotu ta zama abin da ƙasa duka ke yi. A Disamban wannan shekara rundunar ta mai da hukuncin kisan sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Tsawon hukuncin aka taɓa a lokacin, laifin bore kuwa aka bar shi inda aka rubuta shi. Mai son a soke shi sai ya bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, in ta kama har Kotun Ƙoli, hanyar da ke cin lauya da kuɗin mota da shekaru, ga mutumin da albashinsa ya tsaya tun ranar da aka tuɓe masa kaki.